Kafin Ka Sayi Esi, Fara Duba Rufin Gidanka

Duk wanda ya kwana a ɗakin da aka yi wa rufin kwano a Kano cikin watan Afrilu ya san zafi daga sama yake saukowa. Sha biyun dare ta gota, iskar waje ta huce, amma ka miƙa hannu wajen silin sai ka ji kamar murfin tukunya. Mafi yawanmu idan muka samu kuɗin gyaran gida, shagon esi muke fara nufa. Ni a ganina wannan sayen ne ya kamata ya zo ƙarshe.

Akwai ma'aunin da zai taimaka. A 2017 Ma'aikatar Lantarki, Ayyuka da Gidaje, lokacin Babatunde Fashola yana minista, ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da ake kira BEEC, da tallafin hukumar GIZ ta Jamus. Sababbin gine-gine aka fi nufi da ita, don haka ba wanda zai biyo ka gida don ka sauya silin. Amma alƙalumanta sun isa a shiga kasuwa da su.

Fara da rufi. Kwanon langa-langa ya fi araha, sai dai yana tsatsa. Dogon kwanon aluminiyam ya fi ƙarko, mai ɓarɓashin dutse kuma ya fi tsada da rage ƙarar ruwan sama. Dukansu ƙarfe ne, ba wanda ke tare zafi da kansa, illa dai mai haske ya fi baƙi ko ruwan ƙasa mayar da rana. Abin mamaki, baƙin ake yayi.

Aikin yana tsakanin kwano da silin. Ƙa'idar ta nemi a sa abin tare zafi mai ƙarfin 1.25 a ma'aunin R (mai nuna yadda abu ke hana zafi wucewa), wato kusan kaurin santimita 5 na audugar gilas, ko farin soson nan irin wanda ake tokare sabon firji da shi a kwali. Silin POP ko na roba shi kaɗai bai kama ƙafar wannan ba, ado ne kawai. Audugar gilas ba ta kama wuta da sauƙi, amma idan rufi na yoyo ta jiƙe, ta tashi aiki. Soson ya fi jure ruwa, shi kuma yana narkewa a wuta, don haka a raba shi da waya. Shimfiɗar aluminiyam mai ƙyalli ta fi su sauƙin kuɗi, amma sai an bar mata sarari na iska take aiki. Ka tsaya kan kafinta, kar ya matse ta tsakanin kwano da silin. Idan kuma tsohon silin asbesto za a cire, a jiƙa shi a sauke ba tare da an fasa ba, ƙurarsa na lalata huhu.

Taga kada ta wuce kashi 20 cikin 100 na bango, sai in an yi mata inuwa. Bango mai mita 4 a tsawo da 3 a tsayi, tagarsa murabba'in mita 2.4 ke nan. Mai zamewa rabinta kawai ke buɗewa, mai marfi kuwa tana buɗewa gaba ɗaya. Ta yamma ce ke gasa ɗaki da la'asar, ita za ka fara yi wa rumfa. Kakanninmu ba da wasa suka riƙa barin 'yar taga a soro ba.

Fitila ba ta da dogon zance: wat 6 a kowane murabba'in mita. Ɗaki mai mita 4 da 4 ya tashi wat 96, tsohon ƙwai ɗaya mai wat 100 ya riga ya zarce. Sayi LED.

Sai esi. Ƙa'idar ta nemi mai inbata, wanda lambar EER ɗinsa, mai nuna yawan sanyin da yake bayarwa a kan wutar da yake ci, ba ta gaza 2.8 ba. Ya fi tsada a shago, amma injinsa rage gudu yake maimakon ya mutu ya sake tashi, shi ya sa janareto da sola suka fi ɗaukarsa. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin Band A, wato unguwannin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, bambancin yana fitowa a mita. Idan mai shago ya ce maka duk ɗaya ne, ka ce: "Alhaji, a ɗan juyo min kwalin in ga lambar."