Za ka ja wuta zuwa ɗakin baya? Kebul da rodin da ya kamata ka saya

Idan za ka ja wuta daga babban gida zuwa shago, ɗakin baƙi ko ɗakin famfon borehol, mai shagon kayan wuta zai nuna maka kebul iri biyu: mai waya biyu da mai waya uku. Mai biyun ya fi araha, kuma fitila za ta kama, fanka zai juya. Waya ta ukun, ta atin mai kai wuta ƙasa, ba ta aiki sai ranar da wuta ta zuba a jikin firji ko ƙofar ƙarfe. Ran nan ita ce hanyar da wutar za ta bi, maimakon jikin yaron da ya dafa.

Ni dai mai ukun nake zaɓa, kuma idan binne shi za a yi, a sayi mai sulken ƙarfe. Wasu masu wayarin kan ce sulken ya isa ya zama atin. Zai iya, in an ɗaure bakinsa da kyau, amma tsatsa na cinsa ba tare da kowa ya gani ba.

Wanda ya riga ya binne mai waya biyu, dole ginin ya samu rodinsa na kansa, wato sandar ƙarfen atin da ake kafawa cikin ƙasa, da bireka mai gane yoyon wuta, RCD mai 30mA. Rodi shi kaɗai ba ya sa bireka na gama-gari ya faɗi, domin wutar da ke bi ta ƙasa ba ta kai yawan da zai ji ba. Ko da mai ukun ma, a sa RCD ɗin, a ƙara rodi.

A wajen rodi ake cin mutane. Na jan ƙarfe zalla ya fi daɗewa, sai dai tsada, ga shi yana lanƙwashewa a ƙasa mai tauri, ɓarayi kuma na sonsa. Ƙarfe mai rufin jan ƙarfe mai kauri shi ne daidai ga yawancin gidaje. Akwai na jabu da aka shafa wa launi kawai. Karce shi da bakin sukundireba a gaban mai shago. In fari ya bayyana nan take, ajiye masa kayansa. Gajeren rodi mai ƙafa 4 a ƙasarmu ta Arewa, da rani ya kama sai ka same shi zaune cikin busasshen yashi. Gara dogo, ko biyu a nesa da juna an haɗa su da waya. Gishiri da gawayi da aka saba zubawa suna taimakawa da farko, amma gishirin na cin rodin, damina kuma ta wanke shi.

Kada ka bari a haɗa nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, da atin a akwatin ginin baya don gudun sayen waya. In nutural ya tsinke a hanya, jikin kowace na'ura zai ɗauki wuta. Kafin ka biya cikon kuɗin aiki, a auna rodin da mita a gabanka, zai fi kyau a watan Maris ko Afrilu da ƙasa ta bushe. Ƙa'idar Ingila ta BS 7671 na kallon rodin da awonsa ya haura om 200 (om shi ne ma'aunin turjiyar da wuta ke fuskanta a hanyarta) a matsayin wanda ba a dogara da shi.