Hawa Queen Mary 2 ko kwana a QE2: inda mai sha'awar tsofaffin jiragen ruwa zai sa kuɗinsa

Duk wanda ya taɓa jin labarin Aureol, jirgin kamfanin Elder Dempster da ya riƙa jigila tsakanin Ingila da Legas daga 1951 zuwa 1974, ya san dalilin da ya sa tafiyar ruwa ke shiga ran mutum. Ɗalibai da ma'aikata sun sha hawansa zuwa Ingila, su yi kusan mako biyu a kan ruwa. Jirgin sama ne ya kashe wannan kasuwa. A tekun Atlantika kuwa tun 1958 masu bin sama suka zarce masu bin ruwa yawa. Amma mai son ɗanɗana irin wannan tafiya yana da abin zaɓa har yanzu, in dai ya san abin da zai biya wa kuɗi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar kowane ƙaton jirgi a matsayin abu ɗaya. Jirgin jigila an ƙera shi ne don ya kai mutum daga wannan gaɓa zuwa waccan a kan lokaci, ko da teku ta yi fushi. Shi ya sa ƙarfen jikinsa ke da kauri, goshinsa dogo mai tsini, kuma yana da gudu. Jirgin shaƙatawa kuwa otal ne da ke yawo, yau a wannan tashar, gobe a waccan, ya dawo da kai inda ya ɗauke ka. Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 yana iya ɗaukar fasinja kusan 7,600, da wuraren ninƙaya da wasannin yara birjik. Iyali za su ji daɗinsa sosai. Mai neman ƙamshin tarihi dai kada ya kai kuɗinsa can.

Jirgin jigila ɗaya tak ya rage yana tsallaka Atlantika a kai a kai, wato Queen Mary 2 na kamfanin Cunard. An ƙera shi a Saint-Nazaire ta Faransa, ya fara aiki a 2004, tsawonsa mita 345. Kwana bakwai yake yi daga Southampton ta Ingila zuwa New York, ba ya tsayawa ko'ina. Ruwa gabas, ruwa yamma. Akwai ɗakin karatu babba, da laccoci, da shan shayin la'asar, da daren da ake buƙatar kayan alfarma, inda babbar riga ko leshi mai kyau za su fitar da mutum kunya. A ganina wannan ita ce tafiyar ta ainihi, kuma da ni ne zan ɗauki hanyar da ta nufi yamma, domin ana mayar da agogo baya da awa guda a darare biyar, sai barci ya ƙaru. Mai dawowa gabas shi ke asarar awannin.

Sai dai a lura da abubuwa kafin a biya. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya sami bizar Birtaniya da ta Amurka duka, ga tikitin jirgin sama na zuwa da na dawowa daga wata ƙasa daban. Ɗakin da ka kama shi ke nuna inda za ka ci abinci: talakawan jirgin suna Britannia, masu hannu da shuni suna Princess Grill da Queens Grill, ragowar tsarin aji-aji na da ke nan. Ban ga amfanin ƙara kuɗi mai yawa don baranda ba, iskar arewacin Atlantika ba ta barin mutum ya zauna waje ya daɗe, balle da hunturu. Wanda jiri ke kamawa ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, inda rangaji ya fi sauƙi. Kuɗin intanet da na ihsanin ma'aikata galibi daban ake lissafa su. A jirgin akwai mashaya da gidan caca, amma yana da faɗin da za a kauce musu. Maganar abincin halal a yi ta da kamfani tun lokacin kama ɗaki, kada a bari sai an shiga.

Wanda jirgin kansa ne ke burge shi, ba lallai sai ya hau teku ba. Queen Elizabeth 2, wanda ake kira QE2, yana ɗaure a tashar Mina Rashid ta Dubai, ya zama otal tun 2018. An ƙera shi a Clydebank ta Sikotilan, ya fara aiki a 1969, ya kai sojojin Birtaniya yaƙin Falklands a 1982, ya yi ritaya a 2008. Ga ɗan kasuwar da dama Dubai hanyarsa ce, wannan ya fi kowanne sauƙi: kwana ɗaya ko biyu, a zaga da kai a nuna maka tarihin jirgin, abinci ba matsala, masallaci ba nisa. Abin da za ka rasa shi ne motsin ruwa da ƙugin inji, kuma an sabunta ɗakuna da yawa har sun koma kamar na otal na yau da kullum.

Ta fuskar tsufa da ado, Queen Mary na asali da ke Long Beach a Kalifoniya ya fi shi nesa ba kusa ba. A 1936 ya fara tafiya, a lokacin yaƙin duniya na biyu ya taɓa ɗaukar mutum fiye da 16,000 a tafiya ɗaya, kuma tun 1967 yake tsaye a can da katakon bangonsa na asali. Nisa da bizar Amurka ne cikas. A Turai akwai SS Rotterdam na 1959, yana birnin da aka raɗa masa sunansa a Holan, otal ne tun 2010, an kuma adana zaurukansa yadda suke.

Shawarata ga mai farawa ita ce QE2, domin da kuɗin otal na kwana biyu zai gane ko sha'awar ta gaske ce. Idan ya fito yana son ƙari, sai ya fara neman bizar nan biyu, ya kama ɗaki a Queen Mary 2 tsakanin Mayu da Satumba, lokacin da teku ta fi lafawa.