QImage::save ko QImageWriter: Wanne Ya Fi Nuna Dalilin Ƙin Adana Hoto?

Wani shagon ɗaukar hoto a Unguwar Rimi, Kaduna, ya kira ni saboda manhajar da na rubuta musu da Qt (wani kayan aikin gina manhaja) ta ƙi adana hotunan fasfo, alhali a kwamfutata tana aiki lami lafiya. A nan ne bambancin hanyoyin adana hoto biyu na Qt, wato QImage::save da QImageWriter, ya fito mini fili.

QImage::save layin umarni ɗaya ne kawai, amma amsarsa ba ta wuce true ko false ba, wato an adana ko ba a adana ba. Idan ya ce false, sai mutum ya shiga lalube cikin duhu: wataƙila babu foldar da aka nufa, domin Qt ba ya ƙirƙirarta da kansa, ko babu izinin rubutu, ko kuma hoton fanko ne.

QImageWriter kuwa yana cin layuka uku ko huɗu, sai dai umarninsa na errorString() yana faɗin dalili ƙarara. A shagon ya nuna cewa bai san nau'in hoton ba, kuma da na duba supportedImageFormats(), wato jerin nau'o'in hoton da manhajar ta sani, sai na ga PNG da BMP, babu JPEG. Asalin matsalar shi ne JPEG yana zuwa ne a fayil ɗin qjpeg.dll da ke cikin foldar imageformats, wadda ban kwafa musu ba, aikin da windeployqt, kayan aikin Qt mai tattara fayilolin da manhaja ke buƙata a Windows, ke yi cikin sauƙi.

A ganina save ya isa ga gwaji, amma manhajar da za ta shiga hannun mai shago, ga mutane sun yi layi suna jiran hotunansu, QImageWriter ne ya dace da ita, kuma a riƙa rubuta saƙon kuskuren a fayil domin a karanta daga baya.