A Ingila ko waya ba ta bin bango a karkace

Jama'ar gida, soket ɗin nan mai rami uku da muke da shi a Kano shi ne dai a Ingila. Amma a nan Ingila na ga an sa mai gida ya farfasa bangon da aka gama filasta da fenti, don kawai wayar da ke ciki ta bi a karkace. Mai duba aikin ya ƙi sa hannu, kuma babu zancen a yi haƙuri.

Ƙa'idar wayarin ɗinsu, BS 7671, ita ta tsara hanyar. Wayar da aka binne sai dai ta tashi daga soket ko makunni ta miƙe sama, ƙasa ko gefe, ko kuma ta bi cikin milimita 150 daga silin ko kusurwar ɗaki. Shi ya sa mai guduma yana ganin soket ya san layin da ba zai buga ƙusa ba. In zurfinta bai kai milimita 50 ba, kuma ba cikin bututun ƙarfe take ba, dole a tsare ta da na'urar RCD mai miliamfa 30, wadda ke yanke wuta nan take da zarar ta fara bin jikin mutum. Wallahi wannan tsari ya burge ni. Mu fa ɗan wayarin gajeriyar hanya yake nema don ya rage mita biyu na waya, bayan shekara a zo rataye agogo ƙusa ta same ta.

A sabon gida soket na zama tsakanin milimita 450 da 1200 daga daɓe, saboda tsofaffi da masu keken guragu. A kicin ana nisanta shi da wurin wanke-wanke da milimita 300. Wayar soket mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ce, in ta zagaya ta dawo akwatin raba wuta a ɗora mata bireka mai amfa 32.

Takura kam akwai. Banɗaki ba ya samun soket sai ya yi nisan mita 2.5 daga wurin wanka, ga banɗakunan nan kamar akurki. Sabon layi kuwa sai mai rajista ya ja, ko a sanar da ƙaramar hukuma, ka yi makonni kana jira, kuɗin ma kamar na asibiti. A nan ne kewar gida ke kama mutum, inda yaro zai kira maka mai gyara ya iso kafin la'asar da testa a aljihu.

Sai dai mu ji tsoron Allah. A gida sai a ɗora hita da dutsen guga kan siririyar wayar ƙwan fitila, a bar ramin at, wato na wayar ƙasa mai kare mutum, babu komai, fis ya ƙone a ɗaure da zaren tagulla. Wayar na zafi, robar na narkewa cikin silin, ba mai gani. Mai gini ya tsaya a kan aikin ranar da ake yanka bango, ya ɗauki hoton kowane fayif kafin a shafe shi da siminti.