Zama Takwas da Ɗana na Fari Ya Yi a Gaban Mai Ba da Shawara

Ɗana na fari yana da shekara 17 lokacin da sakamakon JAMB ya fito, makinsa kuma bai kai na karatun likita ba, alhali tun yana firamare Dokta ake kiransa a gida. Cikin wata uku, yaron da ke riga kowa fita sallar asuba ya koma kwana da waya a hannu, ya wuni yana barci, ya daina cin abinci da ƙannensa, kuma duk tambayar da aka yi masa amsarta ɗaya ce, ba komai. Mun yi nasiha, mun yi faɗa, an yi tofi an sha rubutu, har wani ɗan'uwa ya kawo shawarar gidan mari, sai dai abin da 'yan sanda suka bankaɗo a wani gidan mari da ke Rigasa a watan Satumba na 2019, inda aka fito da mutum kusan 300, wasunsu da sarƙa a ƙafa, bai bar zuciyata ba. Wata malamar jinya maƙwabciyarmu ce ta nuna mana wata cibiya mai zaman kanta a nan Kaduna, wadda ke ba matasa shawara.

Wanda ya karɓe mu masanin halayyar ɗan Adam ne, kuma tun farko ya bayyana mana cewa shi ba ya rubuta magani, idan ya ga alamar ana buƙatarsa zai tura mu wajen likita a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Daga nan ya faɗi maganar da ta yi mini nauyi: “Alhaji, abin da yaron nan zai faɗa mini amana ce tsakanina da shi, ba zan kawo maka ba, sai idan na ga rayuwarsa ko ta wani tana cikin haɗari.” Ban ji daɗi ba a ranar, domin ni na haife shi, ni kuma nake biyan kuɗin. Yanzu kuwa ina ganin a kan wannan sharaɗi aikin gaba ɗaya ya tsaya, saboda matashin da ya san maganarsa za ta riga shi isa gida ba zai buɗe baki ba.

Ana zama sau ɗaya a mako, kusan minti 50. Hanyar da ya bi ita ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ake taƙaita sunanta da CBT, da likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. Yaron yana da ɗan littafi da yake rubuta abin da ya faru, da tunanin da ya biyo baya, da hujjar da ke gaskata tunanin ko ƙaryata shi. Daga baya shi da kansa ya nuna mini wani shafi inda ya rubuta “na kunyata gidanmu”, a ƙasa kuma ya lissafa darussan WAEC da ya ci. An haɗa masa da ƙananan ayyuka: waya ta bar ɗaki da ƙarfe 10 na dare, ƙwallo da la'asar, kwana biyu a mako a shagon kawunsa. Sai a mako na huɗu muka fara ganinsa a bakin tabarma lokacin cin abinci.

Zama na biyar namu ne, ni da mahaifiyarsa, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Malamin ya tambaye ni yaushe rabon da in yi magana da yaron wadda ba aike ba ce kuma ba faɗa ba. Na rasa amsa, domin ɗan fari ne, ko sunansa ba ma kama wa, haka kuma iyayenmu suka yi da mu. Abin da ya burge ni shi ne bai raina alkunya ba, bai kuma ce mu zubar da ita ba. Ya tambaya wa yaron ya fi sakin jiki da shi, da muka ce kawunsa, sai ya sa aka gayyato shi zama na gaba. Ni kuma ya roƙe ni minti goma a mako in saurara ba tare da na ɗora nasiha a kai ba, ya ce a mota ya fi sauƙi tunda ba sai an haɗa ido ba. Ya ƙara da cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna sakamakon abu kafin a aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Jin haka ya sa na daina kallon shirun yaron a matsayin taurin kai.

Akwai inda cibiyar ta gaza. Kuɗin zama ɗaya ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, kuma inshorar lafiyata ba ta ɗauke shi ba. Sau biyu aka ɗage mana lokaci sai da muka isa ƙofa. Takardun da ake ba iyaye duk da Turanci suke, sai da na zauna na fassara wa mahaifiyarsa, kuma babu mace ko ɗaya cikin masu ba da shawarar, abin da zai hana gidaje da yawa kai 'ya'yansu mata. Tun a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma har yanzu irin wannan hidima ba ta iso asibitin unguwarmu ba.

Ina ba da shawarar wurin ga iyayen da suka shirya zama su ma a yi musu tambaya. Yaron da ya fara ambaton kashe kansa kuwa, ko shaye-shaye ya yi nisa da shi, asibiti ya kamata a nufa da shi a ranar. Nawa ya sake rajistar JAMB, ya zaɓi kimiyyar kwamfuta da kansa. Har yanzu akwai ranakun da yake shiru, amma ranar Juma'ar da ta wuce, muna dawowa daga masallaci, shi ya fara yi mini magana a mota.