Yadda ake cin abinci da dodon tafkin Ness

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya iyali, ya fama da ɗalibai. Ka ce in daina turo hotunan ƙanƙara kawai, in ba ka labarin abin da ya shafi fanninka, wato yadda mutanen Skotlan ke riƙe da tatsuniyoyinsu da tsofaffin wurarensu, me ake sayarwa, me ake bayarwa kyauta, kuma ko abin ya ci kuɗinsa. Toh ga shi, sai dai ka yi haƙuri zai yi tsawo dan abin ya tsaya min a rai.

Daga nan Inverness inda nake, tafiya kaɗan ce a bas zuwa tafkin Loch Ness. Tsawonsa wajen kilomita 37, zurfinsa ya kai mita 230, ruwan kuma duhu gare shi kamar baƙin shayi saboda ruɓaɓɓiyar ciyawar kan tuddai da ruwan sama ke wankowa ciki, ko mai nutso ne ba ya ganin nesa. A cikin duhun nan ake cewa akwai dodo mai dogon wuya, suna kiransa Nessie. Tushen labarin tsoho ne, an rubuta cewa wajen shekarar 565 wani malamin Kirista mai suna Columba ya tarar dodon ruwa ya kashe mutum a kogin Ness, ya sa almajirinsa ya shiga ruwan, da dodon ya taso sai ya daka masa tsawa ya koma. Amma kasuwar ba ta buɗe ba sai 1933, lokacin da aka gyara titin da ya bi bakin tafkin motoci suka yawaita, wata mata mai suna Aldie Mackay ta ce ta ga wani ƙaton abu yana juyi a ruwa, jaridar Inverness Courier ta buga, shikenan duniya ta ɗauka.

Otal ɗin da matar nan take kula da shi a ƙauyen Drumnadrochit shi aka mayar gidan baje kolin labarin, kuma a nan na ga abin da ya fi ba ni mamaki. Ka biya kuɗinka ka shiga, su da kansu za su zayyana maka duk ƙaryar da aka yi a kan dodon nasu, ba ɓoye-ɓoye. Akwai wani mafarauci Marmaduke Wetherell da jaridar Daily Mail ta turo, ya ce ya ga sawun dodo a bakin ruwa, da aka kai gidan tarihin halittu na Landan aka duba sai aka gano busasshiyar ƙafar dorina ce aka dinga dannawa a laka. Shahararren hoton nan na 1934 kuma, wanda nasan ka taɓa gani, wuya da ɗan kai sun leƙo daga ruwa, sai a 1994 ta fito fili cewa jirgin ruwa na wasan yara ne aka liƙa masa kai. A 1987 an jera jiragen ruwa da na'urar leƙen ƙarƙashin ruwa sun share tafkin, ba a kama komai ba. A 2018 wani farfesa daga Niyu Zilan, Neil Gemmell, ya ɗebi ruwan wuri-wuri ya binciki ƙwayoyin halittar da ke ciki, bai samu alamar wata dabba mai jan ciki ba ko ɗaya, abin da ya samu da yawa shi ne na wani dogon kifi mai jikin maciji. Duk za su gaya maka, kuma wallahi ka fito ka tarar da layin masu jiran shiga har waje. Ni dai wannan ya burge ni Yaya, ba su ce maka ka yi imani ba, labari ne suke sayarwa a matsayinsa na labari, harda tarihin waɗanda suka yi ƙarya a kansa.

Jirgin ruwan da ke zagayawa da mutane kuɗinsa ya haura fam ashirin, ga mai aiki irina ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma hidimar ba laifi. Tikiti a waya kake saye, lokacin da aka rubuta shi ne lokacin tashi, akwai bayi mai tsafta, akwai hanyar keken guragu har cikin jirgin, ga allo yana nuna zurfin ruwa da duk abin da na'ura ta hango a ƙasa. Na ga wata yarinya ta kafa goshinta a jikin allon nan tun daga tashi har dawowa, duk ɗigon da ya gifta sai ta ja rigar babanta. Sai a sauke ku a kangon fadar Urquhart, wadda sojoji suka fasa wani sashenta a 1692 dan kar abokan gaba su amfana da ita, shi ma da kuɗin shigarsa daban, kuma kafin ka taka kangon sai an nuna maka ɗan gajeren fim na tarihin wurin.

Inda ban yaba ba shi ne shagunan tsaraba. Komai an manna masa dodon nan, kofi, safa, hula, makullin mota, alewa, har ludayin miya mai dogon wuya da ƴan ƙafafu wanda zai tsaya da kansa a cikin tukunya. Ka juya ƙasan yawancinsu ka ga an rubuta China, roba ce kawai aka ninka mata kuɗi. Abin kirki shi ne mayafin ulu da ake saƙawa a ƙasar, shi kam yana da tsada amma kana taɓawa ka san aiki ne. A nan mu muka fi su nesa ba kusa ba, dukawanmu da maƙera da masu rini na Ƙofar Mata aikin hannu suke na gaske, abin da ya rage kawai babu wanda ya haɗa kayansu da labari. Abinci ma sai ka yi hattara, wasu kayan zaƙin da giya a ciki, dole ka karanta takarda ko ka tambaya, wurin sallah kuwa ban gani ba, a kan ciyawa na shimfiɗa rigar ruwata.

Littattafan yara su ne kayan da suka ci kuɗinsu. Takarda mai kauri, zane mai kyau, akwai na ɗan shekara biyu wanda ko ya sa a baki ba ya yagewa, kuma in ba ka da kuɗi laburaren gari zai ara maka kyauta. A ciki na san labarin kelpie, dokin ruwa da ke tsayawa bakin kogi da kyansa, yaro na hawa ko ya shafa shi sai hannu ya liƙe, ya ja shi cikin ruwa. Kaga dai aikin da ƴan ruwa ke yi mana kenan lokacin da ake hana mu zuwa kududdufi da damina. Su sai suka ƙera kawunan dawakan guda biyu da ƙarfe a Falkirk, kowanne tsayin mita 30, aka buɗe a 2014, kallo daga waje kyauta, shiga ciki da kuɗi. Akwai kuma Clava Cairns kusa da mu, kaburburan duwatsu masu shekara wajen 4,000, an saita ƙofarsu da faɗuwar rana ta tsakiyar hunturu, shi babu tikiti babu mai gadi, allon bayani ne kawai da shinge, kuma ba ka ganin leda ko ɗaya a ƙasa.

Duk da haka ba zan ce sun fi mu labari ba. Mai bayani a jirgi haddace abinsa ya yi, yana faɗa yana duba agogo. Ka tuna ranar da muka je Kusugu a Daura, mutumin da ke wurin ya ba mu labarin macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da zuwan Bayajidda da dare, da tsohuwa Ayana, da Daurama, yana yi yana kallon idonmu, sannan aka zura guga muka sha ruwan rijiyar da bakinmu. Su nan dodon da ba a taɓa kamawa ba suke nunawa, mu rijiyar tana nan, Dutsen Dala na Barbushe da Tsumburbura yana nan, Hasumiyar Gobarau tana nan, Kufena da Turunku suna nan. Abin da baƙo ba ya samu a yawancin wurarenmu shi ne ƙananan abubuwan nan, bayi, inuwa, allon bayani da Hausa da Turanci, farashi a rubuce yadda ba sai an yi ciniki ba, da ɗan littafin da zai saya wa ɗansa ya tafi da shi.

Amma hidimar da ta fi taɓa ni ba a bakin tafki take ba, kuma ko sisi ba a biya. Tun 1951 jami'ar Edinbura ta buɗe sashe na musamman, ma'aikatansa suka dinga ɗaukar rikoda suna bin ƙauyuka da tsibirai, suna zama da tsofaffi, masunta, makiyaya, masu yawo da tanti, suna naɗar tatsuniya da waƙa da karin magana daga bakinsu. Yanzu an zuba dubban muryoyin nan a intanet a wani rumbu mai suna Tobar an Dualchais, kowanne da sunan mai magana da garinsu da shekarar da aka ɗauka. Wata tsohuwa da nake kula da ita a wurin aiki, ƴar tsibiri ce, mantuwa ta kama ta har ƴaƴanta ba ta cika ganewa ba, ranar nan jikarta ta kunna mata wata waƙar raino da yarensu na Gelik daga rumbun nan, sai ga bakinta yana motsi tana bi baiti-baiti, hannunta yana bubbuga bargo. Na fita waje na share hawaye wallahi. Yarensu ya ja baya sosai, masu magana da shi yau ba su kai dubu ɗari ba, mu kuwa miliyoyi ne, kuma an rubuta namu tun da daɗewa, Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. Sai dai rubutu ba ya ɗauke da tsamin bakin Gizo, ba ya ɗauke da yadda Inna ke rage murya in Dodo ya iso bakin ƙofa, ko waƙar da ke tsakiyar labari da muke amsawa.

Dan haka ga roƙona Yaya, dan Allah kar a ce sai an samu lokaci. Zan turo kuɗin waya mai ƙwaƙwalwa babba da ƙaramin makirufo ta hannun wanda zai taho ƙarshen wata. A tara yara bayan isha'i yadda aka saba, dan Inna ba za ta yi wa waya ita kaɗai tatsuniya ba, sai ta ji ana cewa ta zo mu ji ta. A kashe janareto, a fara da faɗin sunanta da garin da aka haife ta da wanda ta ji labarin a wurinsa da kwanan wata, kar a gyara mata magana, kar a yanke waƙoƙin. In an gama da ita a je wurin Gwaggo da Baba na kasuwa, shi ya san labaran farauta da na ƴan ruwa. Ka dinga turo min ta WhatsApp ina adanawa wuri biyu, kai ma ka ajiye a kwamfutar makaranta. Littattafan yaran guda huɗu na saka a kayan, ka nuna wa malamin zane naku ya ga yadda aka tsara shafukan. A gaida Inna da kyau, a gaida Anti da yara.