Akwatin gilashin da anka haɗa min don tarwada a Yamai: aikin hannu ya yi, filtir da shawara ne ba su yi ba

Salam jama'a. Mutane da dama na tambayata batun akwatin kifin nan da ke salon ɗina, wa ya haɗa shi, ko shina ɗiga, kuma wai da gaske tarwada ce ciki ba irin ƙananan kifayen adon nan masu launi ba. E tarwada ce, guda ɗaya tal, kuma yanzu ta kusa tsawon hannun mutum daga gwiwa zuwa yatsu. Ni ɗan Tahoua ne, da kifin Tabalak munka tashi, to tarwada na san ta cikin miya tun ina yaro amma ban taɓa samun zama in kalle ta da ranta ba tana harkokinta, shi ya sa na so in aje ta inda zan riƙa ganinta ta gefe, ba daga sama ba yadda ake ganinta cikin basin siminti.

Wanda ya yi min aikin wani mai yankan gilashi ne a gefen Katako, asalin sana'arshi tagogi da kantocin gilashi na masu butik, akwatin kifi daga baya ya shigo da shi. Kuma gaskiya a aikin hannu ban da abin cewa sai sambarka. Na ce mishi ina son tsawo santimita 150, faɗi 60, tsayi 60, wato lita 540 in an cika shi har baki, nan take ya ce gilashi mai kaurin milimita 8 da na ga ana yi ma wasu ba za ya ɗauka ba, sai mai 12, ya ce "Alhaji in kana son araha je wani wuri, ni ba ni haɗa abin da za ya fashe ma yara a ka." Wannan magana ita ta sa na ba shi aikin. Ya goge bakin gilashin duka ba inda ke yanka hannu, ya sa mashi ɗamara ta sama, gilashi biyu a gicciye masu riƙe gaba da baya don kada nauyin ruwa ya buɗa shi a tsakiya, silikon ɗin kuma na duba kwalin da idona ba irin na banɗaki ba ne mai maganin fumfuna, wancan guba ne ga kifi kuma mutane da yawa ba su san haka ba suna sayen duk wanda sunka samu. Layin silikon ya fita sumul ba kumfa ciki. Ya bar shi ya bushe kwanaki, sannan ya cika shi da ruwa nan ƙofar shagon ya kwana ya wuni kafin ya kira ni, ko ɗigo babu, har yau kuma babu.

Teburin ƙarfen ma ta hannunshi anka yi, wani mai walda maƙwabcinshi. Ku lura da wanga wuri sosai don lita guda ta ruwa kilo guda ce, in an cika akwatin har baki ruwan kaɗai ya wuce kilo 500, gilashin kanshi wajen kilo 100, ga yashi ga ƙarfe, to wanda ke zaune a etaji ko ƙasan ɗakinshi ba daidai take ba ya yi tunani tukuna. Su da kansu sunka kawo, sunka auna ƙasa, sunka shimfiɗa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firigo tsakanin ƙarfe da gilashi. Kuɗin duka ya kusa na ragon layya mai kyau, ya ce tun da anka rufe iyakar Benin a 2023 gilashi mai kauri ya yi tsada, kuma na zagaya na tambaya na ga bai zalunce ni ba. Alkawarin rana dai bai cika ba, ya ƙara kusan mako, wannan ban riƙe shi da shi ba.

Inda muke da magana da shi shi ne abin da yake gaya ma masu saye game da kifin. Kalmarshi kullum ita ce "ai tarwada ba ta mutuwa, ko a kwata ka sa ta za ta rayu." Akwai ƙamshin gaskiya ciki, don tarwada ban da numfashin cikin ruwa irin na sauran kifaye tana da wata gaɓa mai rassa-rassa cikin kanta da take shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa za ka ga ta taso ta kamɓaci iska ta koma, shi ya sa kuma a kasuwar kifi za ka tarar da ita cikin roba da ruwa kaɗan tana motsi alhali karfasa ta daɗe da mutuwa. Amma jure wahala daban, lafiya daban. Ruwa mai datti shina cinye mata gashin baki, guda takwas ɗin nan da take lalube da su, shina fidda mata gyambo a fata tunda ba ta da ɓawo a jiki, sai ka ga ta tsaya a tsaye kai sama ta daina cin abinci. Mutum ya ga ba ta mutu ba sai ya ɗauka komi lafiya, ni kuwa abin na ɓata min rai ƙwarai don dabba ce ka kulle da hannunka, haƙƙinta na wuyanka.

Ya so ya haɗa min da 'ya'yan tarwada biyar, na ce guda ta ishe ni. Tarwada na cin 'yar uwarta, masu kiwo duk sun san haka shi ya sa suke tace su suna raba manya da ƙanana, da zarar ɗaya ta fi sauran girma to sauran sun zama abinci. Wani abokina da ya sayi nashi akwatin a wurin ya ɗauki biyar ɗin har da ƙananan jajayen kifin ado, jajayen ba su yi mako ba, tarwadun kuma biyu sunka rage duk jikinsu cizo. Mai shagon bai gaya mishi ko kalma guda kan wannan ba.

Sai filtir. Wanda yake saidawa tare da akwatin ƙarami ne na maƙalawa cikin ruwa, an rubuta lita 800 a awa a kwalinshi, wannan na ƙananan kifaye ne. Tarwada ci gare ta kuma kashi gare ta, akwatin lita 500 da babban kifi irin wanga shina son abin da za ya juya ruwan duka aƙalla sau huɗu ko biyar a awa, wato lita 2000 zuwa 2500. Ni ban ɗauki nashi ba, na sayi pompi mai ƙarfi daban, wani mai aikin pampo ya haɗa min doguwar roba bisa akwatin, ruwa na hawa ta tiyo ya bi ta soso da tsakuwa ya zubo. Kuma aikin filtir ba tare datti kaɗai ba ne, akwai bakteriya masu amfani da ke zama jikin soson, su ke maida amoniyan kashin kifi ya zama abin da bai kai shi guba ba, kuma sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon akwati. Don haka ba a wanke soson da ruwan robine, zabel ɗin da ke ciki, wato maganin da ake sa ma ruwan don kashe ƙwayoyin cuta, kashe su yake, da tsohon ruwan akwatin ake ɗauraye shi. In anka ɗauke kuran na awoyi, abin da munka saba da shi lokacin zafi, ita tarwadar ba ruwanta tana shan iskarta, bakteriyan ne ke mutuwa in ruwa ya daina ratsa su, to ni na haɗa pompin da batirin pano sola na gida.

Murfi ma bai sa shi cikin lissafi ba sai da na nema, kuma na farko da ya kawo siririn gilashi ne marar nauyi. Tarwada tana tsalle, tana ture abu da kai, in ta faɗo kuma tafiya take a ƙasa da ƙayoyin gefenta, da dare take wannan aikin lokacin kowa na barci. Na maida mishi ya yi min na ƙarfe da raga mai sakata, bai yi gardama ba kuma bai ƙara min ko dala ba, wannan na yaba. A bar tazara kamar santimita 10 tsakanin ruwa da murfi don ta samu wurin shan iska, in ka toshe mata sama gaba ɗaya tana iya mutuwa cikin ruwan.

Wahalar da ya kamata mai saye ya sani tun farko ita ce canjin ruwa. Kowane mako ina fidda kamar kashi ɗaya cikin uku, kusan tano guda ke nan, in zuba sabo da na tara ya kwana ya wuni a buɗe warin zabel ya fita. Wanda unguwarsu ruwa sai an sayi na 'yan ga-ruwa ya yi lissafinshi da kyau. Tsohon ruwan ba asara ba ne, uwargida na ba zogale da lemun tsami kuma sun ji daɗinshi. Zafin da tarwada ta fi so daga digiri 25 zuwa 30 ne, a Afrilu da Mayu ɗaki na wuce haka sosai sai in rage abinci in kunna bantilate bisa ruwan, a Disamba da Janairu kuma in sanyi ya sauka cinta na raguwa, kada ka yi ta zuba abinci shina ruɓewa a ƙasa.

Abinci ina ba ta na kanti mai yawo bisa ruwa, irin su Coppens ko Skretting da masu kiwo ke amfani da su, da yamma sau ɗaya, abin da za ta cinye cikin 'yan mintuna. Hanjin kaza da wasu ke zubawa a basin kada ka kawo shi cikin salon, ruwan za ya yi wari a wuni guda. Ƙasan akwatin yashin kogi ne wankakke mai laushi, da guntun babban tiyon PVC da take shiga ta ɓuya, fulawowin roba da gidan ado da mai shagon yake saidawa duk ɓata kuɗi ne don tumɓuke su take. Amma fa kallonta in magariba ta yi an rage wuta, yadda take fitowa tana share ƙasa da gashin baki tana lanƙwasa jiki, wallahi ba na gajiya da shi, yara ma sun saba har tana tasowa in sun matso. Hannu dai na hana su sawa, ƙayar gefenta in ta soki mutum zafi gare ta ba kaɗan ba.

Abu na ƙarshe da mai shagon ba ya faɗi shi ne girma. Ya ce min wai kifi daidai akwatinshi yake tsayawa, wannan ba haka ba ne, kifin da ya tsaya a ƙaramin wuri tsumburewa ya yi. A gidan kiwo ɗan tarwada mai tsawon yatsa na kai kilo guda cikin wata shida ko makamancin haka, irin wagga tarwada da masana ke kira Clarias gariepinus tana wuce mita guda, mafi girman da anka rubuta ta kai wajen mita 1.7 da kilo 60, kuma wasu 'ya'yan da ake saidawa haɗi ne da ramboshi, wani babban kifi ɗan uwan tarwada, su ma girma gare su sosai. Akwatin da faɗinshi 60 ne, ranar da kifi ya kai santimita 50 juyawa ta fara zama mishi aiki. Wanda ke son kifin kogin Kwara da za ya daɗe cikin gilashi ya nemi kurungu wurin masunta, yawancinsu ba su kai girman tarwada ba, wasu ma a kife suke iyo ciki sama, abin sha'awa. Ni tawa na riga na yi magana da magini, basin siminti za ya yi min a tsakar gida gindin bedi, mita 2 da rabi a mita 1 da rabi, da magudana ta ƙasa da murfin raga, kafin zafin bana ya shigo za ta koma can, akwatin kuma kurungu zan zuba ciki.